Daga Kano Zuwa Nguroje da Mota Mai Jijjiga

Ranar Laraba muka tashi bayan sallar asuba, mu uku: ni a kan sitiyari, ƙanena a gefena, Kawu kuma a baya tare da kayan da but ya ƙi ɗauka. 'Yar yayarmu ce za a ɗaura wa aure ranar Asabar a Nguroje, can saman tsaunin Mambila a jihar Taraba, inda aure ya kai yayar tamu tun muna yara. Duk gudummawar da dangi suka haɗa a motata aka loda ta: buhun shinkafa biyu, jarkar man gyaɗa, katan-katan na taliya, tukwane, da wani babban kwali na tangaran da Hajiyarmu ta ja mini kunne a kansa har sau uku. Motar ƙarama ce mai jan gaba, atomatik, ƙirar 2007, Beljiyam na saye ta. Mako guda kafin tafiyar na kai ta sabis, aka juye baƙin mai, aka canza filta, aka duba birki, aka ce mini lafiyarta ƙalau. A Hotoro na cika tanki. Disambar 2024 ce, lokacin lita ta haura naira 1,000, saboda haka tun daga bakin famfo na san tafiyar nan za ta taɓa aljihu.

Daga Wudil zuwa Birnin Kudu zuwa Gwaram babu abin ba da labari, sai hazon hunturu da 'yan makaranta a bakin titi. Mun karya da kunu da ƙosai a Darazo, muka tsallaka kogin Gongola kusa da Gombe Abba, inda Kawu ya nuna mana da hannu ya ce a nan Buba Yero ya fara kafa masarautar Gombe kafin a mayar da ita inda take yanzu.

Mun wuce Dukku kaɗan abin ya fara. Wata tirelar siminti ce a gabana, na ga hanya ta buɗe, na taka totur zan wuce ta. Allurar gudu tana tsakanin 60 da 80 sai na ji motar ta ɗauki jijjiga. Ba a sitiyari na fara jin ta ba, a tafin ƙafa na ji ta da ƙarƙashin kujera, kamar mutum ya zauna a benci ɗaya da injin markaɗe. A baya kuwa tangaran ɗin nan suka fara ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, suna taɓa juna. Ina wuce tirelar na ɗage ƙafa, sai komai ya yi tsit. Kawu ya ce, "Ɗan nan, kwanukan Hajiya fa sun yi magana." Na ce masa wataƙila titin ne. Amma na sake gwadawa a inda kwalta ta yi sumul, jijjigar ta dawo, na ɗage ƙafa ta tafi. Gabana ya faɗi, domin na san abin da ke gabanmu. Wanda ya taɓa hawa Mambila ya san ba wurin zuwa da mota mai ciwo ba ne.

A Gombe na tsaya wurin masu balansin, don abin da ya fara zuwa raina ke nan: taya. Yaron ya ciccire su ya ɗora a inji, ya nuna mini ta gaban hagu ta rasa dalmarta, rim ɗin baya ɗaya kuma ya ɗan lanƙwashe a baki. Ya buga, ya maƙala dalma, na biya naira 6,000, muka ci sa'a guda da rabi a wurin. Gaskiya ya yi aikinsa. Wata 'yar rawa da sitiyari yake yi in na kai 100, wadda na saba da ita har na daina lura, ta tafi gaba ɗaya. Sai dai ba ita ce ciwon ba. Muna fita gari muka kama hanyar Kumo, na ba ta wuta a ɗan tudu, tangaran suka sake amsawa.

Tsakanin Billiri da Kaltungo ƙasa ta fara tashi, duwatsun Tangale suka bayyana, ga wani ɗaya mai tsini da ake hangowa tun daga nesa. Wuri ne mai kyau ƙwarai, amma rabin hankalina yana kan ƙafata ta dama. Na koyi lallaɓa totur ɗin a hankali kamar mai taka ƙwai, don in na matsa a sannu jijjigar ba ta yin tsanani. A Kaltungo ƙanena ya nuna mana wajen asibitin da ake kai waɗanda maciji ya sara, ya ce har daga jihohin maƙwabta ake kawo mutane.

Shingayen bincike kuwa na daina ƙirgawa a na tara. Yawanci gaisuwa ce da "Alhaji ina zuwa?" A wani shinge kafin Cham jami'in ya nemi lasisi da takardun mota da tukunyar kashe gobara, duk na miƙa. Ya leƙa baya ya ga kwalin, ya tambayi abin da ke ciki. Kawu ya ce, "Kayan amarya ne, ɗana." Mutumin ya yi murmushi ya ce Allah ya sa gidan zamanta ne, ya ɗage mana katako. Na ba shi na ruwa da raina.

Mun shiga Numan rana tana shirin faɗuwa, bayan mun ratsa gonakin raken kamfanin sukari da ba a ganin ƙarshensu. Daga kan gada ana ganin Binuwai ya baje, kwale-kwale suna dawowa, kuma a nan ne Gongolan da muka tsallaka da safe yake zubawa a cikinsa. Na yi niyyar kwana a Jalingo, amma kowa ya hana mu bin wannan hanyar da dare, sai muka nemi masauki, ɗaki biyu a naira 12,000 kowanne. Mun baro Kano ana rawar ɗari, a Numan kuwa da fanka muka kwana, ga sauro kamar damina. Abin da ya wanke mana gajiya shi ne kifi. Farfesun tarwaɗa aka kawo mana wanda da ganinsa ka san da rana yana cikin ruwa, ba irin wanda ake kawo mana Kano a ƙanƙara ba. Kawu da ba ya cin abinci da yawa da dare sai da ya nemi ƙari.

Daren nan na kira bakanikena na Kano. Ko gama bayani ban yi ba ya ce fulogi ne, in ba shi ba kwayil, in kai ta a jona mata kwamfuta. Na kira wani abokina, ya ce injin sit ne, wato robar da inji ke zaune a kanta. Wani kuma ya ce giyabos ne ya fara tafiya. Wannan ta ƙarshen ita ta hana ni barci, don na san kuɗin giyabos ya fi duk abin da ke aljihuna.

Hanyar Numan zuwa Jalingo ramuka ne, ba a gudu, saboda haka motar ba ta sami damar nuna halinta ba. Da hantsi muka shiga Jalingo, aka nuna mana wani gareji mai kwamfuta. Saurayi ne mai fara'a, ya jona na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari, ya karɓi naira 5,000. Ya ce in inji yana misin, lamba takan fito mai farawa da P030, lambar ƙarshe kuma ita ke nuna silindar da ba ta ƙona mai daidai. Muka duba tare, babu ko ɗaya. Fitilar gargaɗin inji ma ba ta taɓa kamawa ba tun daga Kano. A nan ya kamata mu tsaya mu yi tunani, ni da shi. Amma ya ce, "Oga, wani lokaci kwamfuta ba ta kamawa," ya cire fulogai ya nuna mini bakinsu ya ɗan ci. Aka sa sababbi huɗu a 18,000. Ya ce kila mai mara kyau na sha a hanya, aka wanke nozul a 10,000. Da ya kawo zancen canza kwayil huɗu na ce a'a. Abin da ya fi tsaya mini a rai daga baya shi ne, tun da muka shiga garejin har muka fita bai zauna a motar ya ji jijjigar da jikinsa ba, ni ma ban ce ya zo mu zaga ba. A tsaye aka tayar da inji, aka ba shi wuta, ya yi ƙara mai daɗi, kowa ya ce alhamdu lillahi.

Ba mu kai Sunkani ba ta dawo. Zuwa Garba Chede ta ƙaru, har madubin tsakiya yana rawa. Ƙanena ya koma baya ya rungume kwalin a cinyarsa.

A Bali muka tsaya sallah da cin abinci. Muna alwala wani direban haya da ke jigilar Gembu ya ji muna maganar, ya tambaye ni ina muka nufa. Da na ce Nguroje sai ya girgiza kai. Ya ce, "Malam, don Allah kada ka hau dutsen nan da ita a haka. In ka isa Serti ka tambayi tsohon da ke gyara a ƙarƙashin bishiyar mangwaro bayan tasha. Duk motocinmu shi ke taɓa su." Ban san sunan direban nan ba har yau, amma ina sa shi a addu'a.

Bayan la'asar muka isa Serti. Garejin ba gareji ba ne a yadda muka saba gani: inuwar mangwaro ce, da rami ɗaya da aka haƙa aka daɓe, da akwatin ƙarfe na sifanu, da yara biyu. Dattijon yana zaune a kan tsohuwar kujerar mota yana jan carbi. Muka gaisa, ya gaisa da Kawu da Fulatanci da Hausa, ya sa aka kawo masa tabarma. Na fara lissafa masa abin da aka canza, sai ya ɗaga hannu.

"Alhaji, bar abin da aka yi mata. Yaushe take rawar?"

Na ce in na taka totur.

"In ka ɗage ƙafa fa?"

Na ce sai ta daina nan take.

"In ka taka birki?"

Babu.

"A tsaye, in kana jiran danja?"

Babu, Baba.

"A hannu kake ji ko a mazauni?"

Na ce a ƙafa da mazauni.

Bai ce a buɗe komai ba tukuna. Ya sa na tayar da ita a giyar fakin, ya ce in ba ta wuta a hankali har allurar juyin inji ta kai 3,000, shi kuma ya ɗora tafin hannunsa a kan mudgad yana sauraro. Daga nan ya buɗe bonet, ya sa yaro ya tare tayoyi da dutse, ya ce in ja birkin hannu, in danne birki da ƙafar hagu sosai, in sa giyar gaba in ɗan taɓa totur, sannan in yi haka a ribas. Ya tsaya a gefe, ba a gaban motar ba, yana kallon injin. Ya ce in da injin sit ya tsage da injin ya yi tsalle ya buga, amma nawa ɗan sunkuyawa kawai ya yi ya koma. Ya zaro sandar man giya ya goga a farar takarda ya shinshina. Man ja ne, ba ya ƙauri. Ya ce, "Kwantar da hankalinka a kan giyabos." Wallahi kamar an sauke mini buhu daga ka.

Sai ya ce in ba shi makulli. Na zauna a gefensa muka fita bayan gari inda hanya ta miƙe babu kowa. Ya kai ta 50 ya danna, jijjigar ta zo. Ya ɗage, ta tafi. Ya maimaita sau uku ba tare da ya ce uffan ba. Ya sake kai ta gudun da take rawar, ya saki totur ya bar ta tana gangarawa da kanta, shiru. Ya ce da taya ce ko rim, ba ruwansu da ƙafarka, in dai gudun ya kai sai sun yi rawa, ko kana takawa ko ba ka takawa. Daga nan ya yi abin da ban taɓa ganin an yi ba: a gudu ɗaya ya sauko da giya ƙasa, ƙarar inji ta tashi, amma bugun jijjigar bai sauya ba, yana nan a yadda yake. Ya ce, "Ka ji? Ba injin take bi ba, juyawar taya take bi." Ya ƙara da cewa fulogi ko kwayil mai rauni ma yakan ɓoye ciwonsa sai an ba mota wuta a tudu, amma shi za ka ji tana sarƙewa kamar mai tari, ƙarfinta ya ragu. Tawa kuwa tana ja da ƙarfinta, jiki ne kawai ke kaɗawa. A wani fili ya murɗe sitiyari har ƙarshe ya zaga dama, ya zaga hagu, yana saurare ta taga. Ya ce shaf, wato sandar ƙarfen da ke kai ƙarfin inji daga giyabos zuwa taya, kai biyu gare shi; na waje, wanda ke jikin taya, in ya lalace a kwana yake kuka, ƙat-ƙat-ƙat. Nawa bai yi ba.

"Saura abu ɗaya," in ji shi. "Mu je rami."

Ya sa na sauka ramin tare da shi, ya haska tocila wajen da shaf ɗin dama ya shiga giyabos. Robar da ke rufe kan shaf na ciki ta tsage, tsagar ta kai tsawon ɗan yatsa. Duk kewayen wurin baƙin giris ne ya fantsama a zagaye, a jikin ƙarfe da kan bututun salansa, ƙura ta manne a kai ta bushe. Ya kama shaf ɗin kusa da kan ya jijjiga shi sama da ƙasa, ya yi loko-loko yana ƙara. Ya kama na hagu, gam yake. A nan na tuna wani ƙauri da nake ji lokaci-lokaci in na yi fakin a gida, wata biyu ko uku da suka wuce. Giris ɗin ne ke ƙonewa a kan salansa. Kuma ranar sabis ba a sa motar a rami ba, a ƙasa yaro ya kwanta ya kwance magudanar mai ya ɗaure.

Kafin magariba yaran suka cire shaf ɗin, Baba ya yanke robar ya zare kan ya wanke da fetur a cikin kwano. Abin kamar kofi ne na ƙarfe mai kwari uku a ciki, sai wasu ƙananan tayoyin ƙarfe uku a bakin shaf da ke shiga kwarin suna kai da komowa. Ya ce aikinsu shi ne su bar shaf ya miƙe ya takure yayin da taya ke hawa da sauka, alhali yana ci gaba da juyawa. Ya kama yatsana ya bi da shi cikin kwari ɗaya. Gefe guda sumul, ɗaya gefen kuwa ya yi rami mai kaifi a baki, kamar turmin da ya daɗe ana daka. Ya ce wannan gefen shi ke ɗaukar ƙarfin inji in ka taka totur. Da giris ya tsere yashi ya shiga, sai ƙarfe ya dinga cin ƙarfe. Yanzu duk lokacin da ka ba ta wuta, tayoyin nan sai su faɗa ramin su fito a kowane juyi, shaf ya kauce daga tsakiya, motar ta kaɗa. In ka ɗage ƙafa nauyin ya koma gefen da bai ci ba, shi ya sa take yin shiru. Na tambaye shi me ya sa ban ji ba a Kano. Ya nuna buhunan da ke but. Ya ce kaya sun danne baya, gaba ya ɗaga, shaf ya ƙara karkata, tayoyin suka koma gudu daidai bakin ramin. Ga kuma tudu da doguwar tafiya.

Na ce ko za a cika giris a sa sabuwar roba mu lallaɓa, tunda lokaci ya ƙure. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Giris ba ya cike rami, Alhaji. Kuma in kan nan ya watse a tsakiyar hawa, inji zai yi ta ƙugi mota ba ta motsi, giyar fakin ma ba za ta riƙe ta ba, sai birki kaɗai. Ga dattijo a mota. Ni dai ba zan ɗaura maka shi ba." Kawu ya ce, "Ka ji magana." Ban ƙara musu ba.

A Serti babu irin shaf ɗin. Baba ya kira wani mai kayan gyara a Jalingo, ya sa yaro ya ƙirga haƙoran bakin shaf na ciki da na waje da na zoben da ke aiki da birkin ABS, ya auna tsawonsa da igiya, ya faɗa masa duka. Aka yi ciniki a waya, Beljiyam a 48,000, na tura kuɗin, aka ce za a ba direban motar farko da safe. Na kira yayarmu na gaya mata. Ta ce, "Ku dai ku iso lafiya, ko bayan an shafa fatiha ne." Amma na ji muryarta ta canza, don Kawu ne waliyyin amarya.

Kwana biyu muka yi a Serti, a wani ƙaramin masauki na 8,000, ana kashe janareta ƙarfe goma sha biyu. Garin yana kwance a gindin duwatsu, kuma a nan hedikwatar gandun dajin Gashaka Gumti take, mafi girma a Najeriya, wanda faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000. A cikinsa Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar nan, mita 2,419. Ba mu shiga ba, hankalinmu yana tasha. Mun ci tuwon masara da miyar ganye, mun sha kindirmo mai kauri wanda cokali ke tsayawa a ciki, Kawu ya sayi zuma kwalba biyu. Mutanen garin da sun ji baƙi ne mota ta tsayar, sai jaje da "Allah ya kiyaye gaba". Mai shayin bakin tasha ya ƙi karɓar kuɗin Kawu har muka tafi.

Saƙon ya iso ana shirin tafiya masallacin Juma'a, na biya direban 3,000. Bayan an sauko, Baba ya jera sabon da tsohon a kan buhu, ya sake ƙirga haƙoran da kansa, ya murɗa kan ciki da na waje yana ji da hannu, ya matsa robobin yana neman tsaga. Ya canza sil ɗin bakin giyabos, ya ce tsohon in an taɓa shi yakan fara yoyo. Ya ƙara man giyan da ya zuba lokacin cirewa. Babban notin tsakiyar taya kuwa shi ya ɗaure shi da kansa, ya dake bakinsa don kada ya warware. Sil 4,000, mai 7,000, ladan aikinsa ya ce 10,000. Duka gyaran ya tashi 72,000, ban da 39,000 da na riga na kashe a Gombe da Jalingo.

Muka fita gwaji, wannan karon ni ke tuƙi, kayan duk suna ciki. Na kai 50 na danna har ƙasa. Motar ta miƙe ta tafi, 60, 70, 80, ko motsi. Na kasa kunne ga kwalin baya, ban ji komai ba. Baba ya ce kada mu hau da yamma, mu bari sai asuba. Ya kuma gargaɗe ni cewa a sama zan ji motar ta yi nauyi, kada in tsorata, iska ce ta yi ƙaranci. Injin da ba shi da turbo, wato na'urar da ke cusa masa ƙarin iska, yakan rasa wajen kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane mita 300 na hawa, saman Mambila kuwa ya kai mita 1,600, wasu wuraren sun fi haka.

Asabar da sassafe muka cika tanki muka tashi. Daga Mayo Selbe hawan ya fara. Na sha jin labarinsa, na kuma taɓa hawa a motar haya ina yaro, amma riƙe sitiyari daban ne. Kwana ce bayan kwana, dutse a gefe ɗaya, kwazazzabo a ɗaya gefen wanda ba ka son kallonsa, ruwa yana tsattsafowa daga jikin dutse yana ratsa titi. Na sa ta a giya ta biyu na bar ta tana hawa a sannu. Mun tarar da wata babbar mota tana rarrafe, karen motar yana biye da ita a ƙasa da guntun katako a kafaɗa, don ya tare taya in ta tsaya. A wurin da ake kira Biyu da Sisi, inda hawan ya fi tsanani, Kawu ya ce a yadda ya ji, sule biyu da sisi ne ladan wanda ya hau da kaya a ka a zamanin da. Nan ne na danna totur sosai, ƙafata tana jiran jijjigar nan, ba ta zo ba. Na tuna ramin da yatsana ya taɓa a cikin kofin ƙarfen, na dubi kwazazzabon da ke hagu, na yi hamdala a fili.

Da muka ɓulla Maisamari sai duniya ta canza. Tuddai ne marasa iyaka kamar an kife ƙore, shanu fari da ja a warwatse, bishiyoyin zaiti a jere, hazo yana kwance a cikin kwari. Sanyin ba irin na Kano ba ne mai fasa leɓe da ƙura, wannan mai laima ne, yana shiga ƙashi. Tsofaffin Land Rover da a Kano sai dai a hoto, a nan su ne ke aiki, maƙare da buhuna da mutane. Motata ta yi nauyin da Baba ya faɗa, amma tafiyarta sumul.

Ƙarfe goma da rabi muka tsaya a ƙofar gidan yayarmu. Ta fito ba takalmi, ta durƙusa ta gaida Kawu tana hawaye. Aka shiga da kwalin, mata suka buɗe a gabanmu suna fito da tangaran ɗaya bayan ɗaya daga cikin jarida. Ko ɗaya bai fashe ba. Bayan azahar aka ɗaura aure, Kawu ya ba da jikarsa da bakinsa. Da dare muka zauna gaban wuta da dattawan gidan, ana zuba shayi, suna ba mu labarin ƙuri'ar 1961 da ta sa wannan yanki ya zaɓi zama a Najeriya maimakon Kamaru, da yadda aka sa masa sunan Sardauna, wanda ƙaramar hukumar ke amsawa har yau. Washegari mijin yayarmu ya kai mu Kakara muka ga gonakin shayi, kore shar a jikin tudu kamar an shimfiɗa darduma. Na sayi ganyen da yawa, da fiya da ayaba da kuɗin da a Kano ko rabinsu ba zai saya ba.

Litinin muka juyo. Saukowar ta fi hawan ban tsoro. Na bar ta a ƙaramar giya inji yana riƙe ta, ina taɓa birki jefi-jefi, muka wuce wata mota a gefe tayoyinta suna hayaƙi, direban ya tsaya yana jiran birkinsa ya huce. A Serti na tsaya na kai wa Baba ganyen shayi da fiya. Ya karɓa ya yi godiya, amma bai bar ni na tafi ba sai da ya sa motar a rami. Sabon shaf ɗin a bushe yake, babu yoyo. Sai ya haska na hagu ya matsa robar da babban yatsa, wasu ƙananan tsage-tsage suka buɗe a cikin lanƙwasarta. Ya ce za ta kai ni gida, amma kada in bari ta ga damina.

Mun kwana a Gombe, muka shiga Kano ranar Talata da la'asar. Laraba da safe na je kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa na sayi robar da giris ɗinta, na kai wa bakanikena, na ce a sa motar a rami ina tsaye. Da aka zare kan shaf ɗin hagun na sa yatsa na bi kwarin nan uku ɗaya bayan ɗaya, duk sumul suke. Roba da giris da aiki, naira 9,000 na biya.